Mu san mutanen Afirka: Tonawa, masu ƙasar goro da zinariya

Ƴan'uwa ɗaliban makarantun yaƙi da jahilci, maza da mata, darasinmu na wannan karo zai kai mu Kurmi, ƙasar Gana. A cikinku akwai waɗanda suka taɓa zuwa Kumasi ci-rani. Akwai waɗanda ubansu ko kakansu ya je can, ya komo da keke da bargo da akwatin kaya. Wanda bai je ba kuma ya ci goro wurin suna ko ɗaurin aure. To, masu wannan ƙasa su ne za mu yi magana a kansu. Kakanninmu fatake suna ce musu Tonawa, mutum guda Batone. Su kuwa suna kiran kansu Asante. Turawa ne suka maida sunan Ashanti. Sunayen da za ku karanta a nan mun rubuta su yadda bakin Bahaushe zai iya faɗin su.

Asante reshe ne na wata babbar al'umma da ake kira Akan. A cikin Akan akwai Asante, da Fante na bakin teku, da Acem, da Akwapim, da Kwahu, da Bono. A ƙasar Kot Dibuwar kuma akwai danginsu Baule da Anyi da Abron. Ƙidayar da aka yi a Gana cikin shekarar 2021 ta nuna kusan mutum 46 cikin 100 Akan ne. Harshen Asante sunansa Cuwi. Babban birninsu Kumasi, wajen kilomita 250 arewa maso yamma da Akra.

Ƙasarsu kurmi ce. Ruwa yana sauka damina biyu cikin shekara guda. Ba a noma hatsi irin namu. Abincinsu doya da rogo da gwaza da agada, wato babbar ayabar nan da ake dafawa. Su kan dafa rogo da agada, su kirɓa a turmi, su ci da miya. Shi ne fufu. Doki ba ya daɗewa a can saboda ƙudan tsando. Shi ya sa sarkinsu ba ya hawa. A kafaɗa ake ɗaukar sa cikin wani abin zama, ana riƙe masa manyan laimomi.

Kujerar da ba a zama kanta

A da garuruwan Asante a rarrabe suke, kowane da sarkinsa. Suna biyan haraji ga wata ƙasa mai ƙarfi da ake kira Dencira. Wajen ƙarshen ƙarni na 17 aka yi wani sarkin Kumasi, Osei Tutu. Yana da aboki, babban boka, Okomfo Anoce. Su biyu suka haɗa kan garuruwan. A shekarar 1701 suka ci Dencira da yaƙi a wani wuri da ake kira Feyiyase.

Ga yadda Tonawa suke ba da labarin. Wata ranar Juma'a Anoce ya tara sarakuna a Kumasi. Sai gari ya yi duhu da hadari, wata kujerar zinariya ta sauko daga sama, ta sauka a kan cinyar Osei Tutu. Anoce ya gaya musu kurwar dukan Asante tana cikin wannan kujera. In ta salwanta, su ma sun salwanta. Suka sa mata suna Sika Juwa Kofi, wato kujerar zinariya haihuwar Juma'a. A Kumasi akwai wani takobi kafe cikin ƙasa, a harabar babbar asibitin da ke ɗauke da sunan Anoce. An ce shi ya kafa shi.

Ba sai mun tsaya gardama kan inda kujerar ta fito ba. Mu duba aikin da ta yi. Sarkin Mampon ba zai so ya durƙusa wa sarkin Kumasi ba, don yana ganin tsaransa ne. Amma zai yarda ya yi rantsuwa ga kujerar da take ta kowa. Wannan dabara ce ta riƙe ƙasar. Ko sarkin Asante kansa ba ya zama a kanta. Ba ta taɓa ƙasa. In an fito da ita ranar babban taro, sai a kwantar da ita a kan tata kujera, kusa da sarki, da tata laima.

Turawan Ingila ba su gane wannan ba. A 1874 suka shiga Kumasi, suka ƙone ta, suka kwashe kayan zinariya na fada. A 1896 suka kama sarki Prempe na farko, suka kai shi Saliyo, daga baya suka wuce da shi tsibirin Seshel cikin tekun Indiya. Tonawa suka haɗiye wannan duka. Sai cikin watan Maris na 1900 gwamnan Turawa, Hojsan, ya zo Kumasi ya tara sarakuna. Ya nemi a kawo masa kujerar zinariya ya zauna. Abin da ɗaurin sarki bai jawo ba, wannan magana ta jawo shi.

Wata dattijuwa ce ta ja gaba, Ya Asantewa, uwar sarautar garin Ejisu. An ce ta gaya wa maza in sun ji tsoro, mata za su ɗauki bindiga. Aka kewaye gwamna da mutanensa cikin ganuwar Turawa ta Kumasi wata da watanni. Da ƙyar ya kuɓuta. A ƙarshe Turawa suka kawo ƙarin sojoji suka ci nasara, kuma ya kamata mu faɗa, a cikin sojojin nan akwai Hausawa da yawa. Aka kai Ya Asantewa Seshel, can ta rasu a 1921. Amma kujerar ba ta shiga hannun Turawa ba. An ɓoye ta cikin daji. Prempe ya komo gida a 1924. A 1935 aka maido da sarautar Asante a hannun Prempe na biyu. Sarkin da aka naɗa a 1999 shi ne Otumfuwo Osei Tutu na biyu, fadarsa tana Manshiya cikin Kumasi. A 2024 wasu gidajen ajiyar kayan tarihi biyu na Landan suka maido da kaya 32 daga cikin waɗanda aka kwashe. Amma da sunan aro suka ba da su. Ku ji fa, an ba mai abu aron abinsa.

Dangi ta wajen uwa

Nan ne al'adarsu ta fi bambanta da tamu, don haka mu tsaya mu fahimce ta sosai.

A wurinmu ɗa na gidan ubansa ne. A wurin Akan ɗa na dangin uwarsa ne. Suna cewa mutum yana samun jini daga uwa. Daga uba yana samun hali da kwarjini, abin da suke kira ntoro. Rai kuwa, wanda suke ce wa kra, daga Allah yake, sunansa a bakinsu Nyame. Tun da jini na uwa ne, dangi ma na uwa ne. Wannan dangi shi ake kira abusuwa. Manyan abusuwa takwas ne a Asante. Gidan sarautar Kumasi na abusuwar Oyoko ne. Mutum ba ya auren ƴar abusuwarsa, ko da garinsu ya yi nisa da juna. Ƴar ƙanwar uwarka ƙanwarka ce, ba ta auruwa. Amma ƴar kawunka tana auruwa, don ita tana cikin dangin tata uwar.

Mu ɗauki misali. Kofi yana da gona da gida. Yana da mata da ƴaƴa uku. Yana kuma da ƙanwa, ita ma da ɗanta. Ran da Kofi ya mutu, bisa tsohuwar al'ada, ƴaƴansa ba su ne magadansa ba. Ƙanensa da suke ciki ɗaya shi zai gada. In babu ƙane, sai ɗan ƙanwar nan. Ƴaƴan Kofi kuwa suna jiran gadon nasu kawun. Saboda haka kawu babban mutum ne a can. Shi ke biyan bashin yaro in ya ci, shi ke tsaya masa wurin shari'a. A garuruwa da yawa, a da, mace ba ta ma tarewa gidan miji. Tana zaune gidan uwarta. Da marece sai ka ga yara ɗauke da akussa suna kai abinci gidajen ubanninsu.

Kada mu yi saurin yin dariya. Tsarin yana da nasa amfani. Mace ba ta rasa gida ko aurenta ya mutu. Tana da gonarta da kuɗinta, miji ba shi da iko da su. Maraya ba ya rasa mai riƙo, don dangin uwarsa nasa ne na haƙiƙa. Lokacin da gona take ta abinci kawai, ƙasa kuma tana da yawa, ba a cika samun rigima ba.

Koko ne ya kawo rigimar. Itacen koko yana ɗaukar shekaru kafin ya fara ba da ƴaƴa, in ya fara kuma ya kan yi shekara talatin ko fiye yana kawo kuɗi. Mutum ya sare daji shi da matarsa da ƴaƴansa. Sun yi shekara ashirin suna wahala. Ran da ya mutu sai ga ɗan ƙanwarsa, wanda bai taɓa riƙe adda a gonar ba, ya zo ya karɓe ta. Matar da ƴaƴan su tashi hannu banza. Kuka ya yi yawa. A 1985 gwamnatin Gana ta kafa doka. In mutum ya mutu bai bar wasiyya ba, gidan da ya gina da guminsa da kayan ɗaki na matarsa ne da ƴaƴansa. Sauran dukiyar da ya nema da kansa, su ne ke da kaso mafi yawa. Dangin uwa suna samun ƙaramin kaso. Amma abin da yake na abusuwa tun asali, kamar gonar kakanni da sarauta, yana nan yana bin jinin uwa. A ganinmu dokar ta yi daidai, don wanda ya sha rana a gona bai kamata a kore shi ranar rabo ba. Ku tattauna wannan tare da malaminku: a garinku, in mai gida ya rasu, mene ne yake zuwa hannun matar da ta yi noma tare da shi?

Sarauta ma haka take. Ɗan sarki ba ya gadon ubansa. Akwai wata babbar mace a fada, Asantehema, uwar sarauta. Mutanen Tsibiri da Maraɗi za su tuna da Inna da Iya, amma ikon wannan ya fi nasu wajen naɗi. Ita ce ta san asalin kowane ɗan gidan. In sarki ya rasu, ita ke fid da sunan wanda zai gaje shi daga cikin ƴaƴan matan gidan. Manyan ƙasa su duba. In ba su yarda ba, ta sake kawo wani. Tana da nata fada da tata shari'a, kuma ita ce mai iya yi wa sarki faɗa gaban jama'a.

Ran naɗi ana karanta wa sabon sarki sharuɗɗa. Kada ya zagi mutane, kada ya toshe kunnensa, kada ya yi abu ba da shawara ba, kada ya tona asalin kowa. In ya karya, ana iya tuɓe shi. Sai a cire masa takalma, ƙafarsa ta taɓa ƙasa, shi ke nan sarauta ta faɗi. Ba tatsuniya ba ce. An tuɓe Kofi Karikari a 1874, an tuɓe Mensa Bonsu a 1883.

Sarki ba ya magana da jama'a baki da baki. Akwai kakakinsa, oceyame. Mai ƙara ya gaya wa oceyame, shi ya isar. Sarki ya yi magana ƙasa-ƙasa, oceyame ya gyara ta, ya ƙawata ta da karin magana. Yana riƙe da sanda mai kan zinariya. A kan wata sandar an sassaƙa hannu riƙe da ƙwai. Ma'anarsa mulki kamar ƙwai yake. In ka matse ya fashe, in ka yi sako-sako ya faɗi.

Sunan rana da kwanakin kakanni

Ga wani abu da muka yi tarayya da su. Muna da Ladi da Ɗanladi, Talatu da Ɗantala, Jummai da Ɗanjuma. Su ma kowane yaro yana da sunan ranar haihuwarsa. Na Lahadi Kwasi, mace Akosuwa. Na Litinin Kwajo da Ajuwa. Na Talata Kwabena da Abena. Na Laraba Kwaku da Akuwa. Na Alhamis Yawu da Ya. Na Juma'a Kofi da Afuwa. Na Asabar Kwame da Ama. Ke nan Kofi Annan, wanda ya shugabanci Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1997 zuwa 2006, Ɗanjuma ne. Ya Asantewa kuwa Lami ce. Ranar suna, kwana na takwas, wani dattijo yana ɗiga wa jariri ruwa a harshe, sa'an nan ya ɗiga masa giya. Nufinsu yaron ya tashi yana rarrabe abu biyu masu kama da juna, in ya ce ruwa ne, to, ya zama ruwan ne.

Suna ɗaukar ƙasa kamar uwa, suna ce mata Asase Ya. Ranarta Alhamis, kuma bisa al'ada ba a noma a wannan rana. Lissafin kwanakinsu yana zagayowa duk kwana 42. A cikin kowane zagaye akwai bukin Adaye sau biyu, guda ranar Lahadi, guda ranar Laraba. Na Lahadin, Akwasidaye, shi ya fi girma. Kowane Batone yana da kujerarsa ta itace. In sarkin kirki ya mutu a kan mulki, sai a baƙanta kujerarsa da kunkunniya da ƙwai, a ajiye ta cikin wani ɗaki. Ranar Adaye sarki mai ci ya shiga ɗakin, ya tuɓe takalma, ya sauke zane daga kafaɗa, ya kai wa kakanni abinci da abin sha. Daga nan ya fito fili a yi gaisuwa, ana kaɗa manyan ganguna. Akwai wasu tagwayen ganguna, atumpan, da ke magana kamar kalangu. Yau yawancin Asante Kirista ne, akwai Musulmi kuma a cikinsu, amma bukin bai mutu ba.

Jana'iza a wurinsu ta fi bukin aure girma. Sau da yawa ranar Asabar ake yin ta. Ana sa baƙaƙen zannuwa da jajaye. Kowa ya kawo gudummawa a faɗi sunansa da abin da ya bayar. Su kansu suna kukan yawan kuɗin da take ci. Mu ma da muke cin bashi don bukin aure mun san irin wannan ciwo.

Zanensu da ya fi suna shi ne kente. Maza ke saƙa shi, ƙwarya-ƙwarya, faɗin kowace wajen santimita 10, kamar yadda masaƙanmu ke yin sawaye, a ɗinke su wuri guda. Garin Bonwire ya shahara da shi. Kowane zubi yana da sunansa. Akwai kuma adinkira, na garin Ntonso. Ana sassaƙa hatimi da sakaina, a tsoma cikin baƙin rini na ɓawon itace, a buga a kan zane. Kowace alama tana da ma'anarta, kamar rubutu. Da dare kuma yara suna jin tatsuniyar Ananse. Ananse shi ne gizo-gizo, kuma halinsa halin Gizonmu ne sak: wayo, haɗama, da faɗawa ramin da ya gina.

Hanyar Gwanja

Kafin zuwan takardar kuɗi, garin zinariya shi ne kuɗin Asante. Kowane ɗan kasuwa yana da ma'auninsa da ƙananan duwatsun awo na tagulla, an zuba su da siffar tsuntsu ko kifi ko mutum. Amma abin da ya ja kakanninmu can goro ne. Muna cewa goron Gwanja, alhali ba ya tsira a Gwanja. Cikin kurmin Asante yake. Sarki Opoku Ware, wanda ya gaji Osei Tutu, ya ci ƙasashen Gwanja da Dagomba, kasuwar Salaga ta koma ƙarƙashin ikon Kumasi. Tonawa su ɗauko goro a ka zuwa Salaga. Ayarin Hausawa, madugu a gaba, ya iso da jakkai bayan tafiyar watanni ta Jugu da Yandi. Suna kawo kanwa da tufafi da fatu. A kasuwar nan ana sayar da mutane ma, kuma da Tonawa da fatakenmu duk sun sa hannu a wannan mugun ciniki.

Malamai sun bi fatake. Turawan da suka ziyarci Kumasi a 1817 da 1820 sun tarar da Musulmi a fada, suna yi wa sarki rubutu da addu'a. Babbar rigar yaƙin sarkin Asante sunanta batakari, rigar arewa ce, an lulluɓe ta da layu. Bayan 1874 Salaga ta fita daga hannun Asante, a 1892 kuma yaƙin basasa ya watse ta. Ƴan kasuwa suka bazu Kete Karaci da Kintampo da Atebubu, daga baya suka cika Kumasi. Unguwar baƙi a kowane garin Gana har yau sunanta zango, kuma Hausa ce harshen da ake ji a cikinta.

Zamanin mulkin mallaka samarin Nijar, Hausawa da Zabarmawa, sun riƙa gangarawa can bayan kaka don neman kuɗin haraji da na aure. Wasu dako, wasu talla, wasu ramin zinariya na Obuwasi, wasu gonar koko. A gonar koko akwai tsarin da ake kira abusa: mai kula da gona ya ɗauki kashi ɗaya cikin uku na amfanin, mai gona ya ɗauki biyu. Wanda zai tafi ya san ƙasar noma a can ta kujera ce, wato ta sarauta da dangi. Mutumin da ya ba ka gona yau, in ya mutu, mai yiwuwa ba ɗansa za ka tarar ba, ɗan ƙanwarsa ne, wanda bai san alkawarin da kuka yi ba. Don haka a yi magana gaban shaidu, a rubuta, kai ma ka karanta da idonka kafin ka sa hannu. Takardun shaida ma a riƙe su da kyau. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busiya ta ba baƙin da ba su da takardar zama kwana 14 su bar ƙasar. Dubban ƴan Nijar suka komo cikin manyan motoci, da yawa sun bar shaguna da gidaje da bashin da suke bin mutane.